AN SA TALAUCINMU CIKIN LITTAFI, WA ZAI KARANTA MANA?



Ko wace shekara in an gama yankan hatsi an kai dammuna rumbu, ku da kanku kuna ganin abin da ke faruwa a tashar Dutsi. Samari su cika mota, ko wanne da 'yar jakarsa, wasu su nufi Yamai, wasu su tsallaka Nijeriya, wasu har Kwatano da Abijan. Uwa ta san ɗanta ya tafi ci-rani, amma ba ta san inda yake kwana ba. Shi kuwa in ya dawo farkon damina ba ya faɗi, kunya ta hana shi. Ya kawo turmin zane da sabulu, ya ce lafiya lau. To, wannan abin da ba a faɗi, watau kwanan rumfar kasuwa, da tura kurar ruwa, da dako a Katako, da cunkuson ƙarti a ɗakin haya guda, shi ne masana suka cika littattafai da shi. Yau a kan littattafan nan za mu yi magana.

Bari mu fara da na gida. Akwai wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, wadda ta yi shekaru tana zuwa Dutsi bincike. Ta rubuta littafi a kan bori a 2001, da wani a kan matan Dutsi da addini a 2009. Sa'an nan a 2019 ta fitar da wanda ta kira Fada, a kan samarin Dutsi da na Yamai waɗanda ba su da aiki, suna zaune bakin hanya suna dafa shayi, suna rubuta sunan fadarsu a bango, suna gadin unguwa da dare. Abin nan da dattawa ke kira zaman kashe wando, ita ta zauna ta saurari masu yinsa, ta nuna cewa jira ne na wanda aka hana wa hanyar aiki, da hanyar aure, da hanyar zama magidanci. Madalla da wannan aiki. Amma an buga littafin a Shikago, da Ingilishi. Yaron da aka yi maganarsa a ciki, ko ya yi lakwal Faransanci ya koya, in bai yi ba kuwa Hausa kaɗai gare shi. Ɗalibi a Amurka ya san abin da ke damun ɗan fadar Dutsi, ɗan fadar bai san an rubuta shi ba. Ba mu ga laifin malamar ba. Laifin yana wuyanmu, mu da muka iya karatu muka yi shiru.

Littattafan talaucin birni suna da yawa, kuma ba duka ne na kirki ba. Mu tambaya ɗaya muke auna su da ita: shin littafin ya faɗi wanda ya ci, ko kuwa wanda ya kwana da yunwa kaɗai ya kwatanta?

Ga misali. Wani Ba'amurke, Oscar Lewis, ya buga littafi a 1961 a kan wani gida na matalauta a birnin Meziko, mai suna The Children of Sánchez. Ya bar uban da 'ya'yansa huɗu suka ba da labarinsu da bakinsu, wannan kam ya kyauta. Amma shi ne kuma ya yaɗa ra'ayin nan cewa talauci yana da al'adarsa, wai matalauci yana gadar wa ɗansa halin da zai hana shi fita. Masu mulki a ƙasashe da yawa sun ji daɗin wannan magana, domin in hali ne ya jawo talauci, ai babu wanda za a tuhuma. A Hausa ma muna da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda aka buga a Zariya a 1978, labarin saurayin da ya baro ƙauye ya shiga Kano ya faɗa hannun miyagun abokai. Littafi ne mai daɗin karatu, gargaɗinsa kuma gaskiya ne, birni yana cinye yaro. Sai dai mu nan Arewa muna da abin ƙarawa. Yaron Dallol Mauri da ya bar gida a watan sanyi, ba kallon kitse yake wa rogo ba. Ya leƙa rumbu ya ƙidaya dammuna, ya ƙidaya bakunan da ke gidan, ya ga in ya zauna hatsin ba zai kai bazara ba. Tafiyarsa ma taimako ce, ya rage baki guda.

Wadda ta gane haka da kyau ita ce Polly Hill, Baturiyar Ingila, wadda ta zauna Batagarawa kusa da Katsina ta buga Rural Hausa a 1972. Ta nuna cewa cikin ƙauye guda ma ba a zama ɗaya. Ƙaramin manomi yana sayar da hatsinsa da kaka lokacin da yake araha, ya saye shi da tsada da damina, sa'an nan ya tafi ƙwadago gonar mai hali ya bar tasa ciyawa ta cinye, baɗi kuma a maimaita. Wa a cikinku bai san wannan ba? Duk wanda ya taɓa tsayawa kasuwar Dutsi ran Juma'a ya ga tiya nawa ake sayen gero da kaka, nawa kuma a watan bakwai, ya riga ya karanta rabin littafin. Unguwar matalauta ta birni daga nan take farawa, daga bakin rumbu.

Ku dubi Yamai. A 1960 mutanenta ba su wuce dubu talatin da 'yan kai ba, a ƙidayar 2012 sun kai miliyan guda. Daga ina suka fito? Yunwar 1973 zuwa 1974 ta kawo wasu. Ta 1984 ta kawo wasu, ita ce muka sa wa suna El-Buhari sabo da rufe iyakar Nijeriya a shekarar. Sunan unguwar Bukoki ma ya isa shaida, bukkoki ne na baƙi suka zama unguwa. Wanda bai sami fili a tudu ba sai ya gina a kwari, shi ya sa da kogi ya cika a 2020 ruwa ya ci gidaje a Lamorde, Kirkisoi da Saga. Wani marubucin Amurka, Mike Davis, cikin Planet of Slums na 2006, ya ɗora babban alhakin irin wannan cunkoso a kan sharuɗɗan masu ba da bashi na duniya, waɗanda suka tilasta wa gwamnatoci rage ma'aikata da janye hannu daga noma. Mu ba sai an ba mu labari ba, mun ga Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, kuma a shekarun nan ne fada ta yaɗu cikin garuruwanmu. Abin da muke ƙi game da littafinsa shi ne, daga sama yake kallo kamar shaho, adadi ya yi yawa, da wuya ka ji muryar mutum guda.

Namu ma ya rubuta. Amadou Ousmane, ɗan jarida haifaffen Tibiri, ya buga Quinze ans, ça suffit! a 1977, watau shekara goma sha biyar ta isa, labarin shari'ar babban ma'aikaci da aka tuhuma da karkatar da abincin agajin fari. Wannan littafi ya amsa tambayarmu, ya faɗi wanda ya ci. Amma da Faransanci. Tsofaffin da suka yi layin karɓar dawar agaji a 1974, nawa ne cikinsu aka taɓa karanta musu shi?

Akwai kuma wata mata da muke son ko wane reshe ya san sunanta, Carolina Maria de Jesus, baƙar fata 'yar ƙasar Barazil. Tana zaune a unguwar kwano da katako ta Kaninde a birnin Sawo Paulo da 'ya'yanta uku, sana'arta tsintar takarda a bola ta sayar. Shekara biyu kacal ta yi a makaranta. Cikin tsofaffin littattafan rubutu da take tsinta, kullum sai ta rubuta abin da ta samu, da abin da ta saya, da ranar da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Wani ɗan jarida ya gamu da ita a 1958, aka buga rubutun a 1960 da sunan Quarto de Despejo, watau ɗakin zubar da tarkace, bugun farko guda 10,000 ya ƙare cikin 'yan kwanaki, aka juya shi cikin harsuna fiye da goma. Ba mu ce ta yi arziki ba, ta rasu a 1977 cikin rashi. Amma ba wanda ya isa ya ce da ita ba haka abin yake ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 2025 an rubuta cikin dokar ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasar Nijar. To, harshen ƙasa da ba a karanta ciwon talakan ƙasa da shi, ina amfaninsa?

Sabo da haka ga abin da muke nema. Ko wane reshe yana da malamin lakwal ko ɗalibi mai jin Faransanci. A nemi littafin Amadou Ousmane, ran kasuwa bayan la'asar a karanta babi guda, a fassara da baki, a bar mutane su yi gardama. Inda akwai mai jin Ingilishi, a nemi Fada a kai wa samarin fadar da kansu, su faɗi inda malamar ta yi daidai da inda ta kuskure.

Sa'an nan magatakardan reshe ya sayi littafin rubutu guda. In 'yan ci-rani sun dawo farkon damina, a zauna da su ɗaya ɗaya, ba gaban iyayensu ba, kuma kada a rubuta sunan kowa. A tambaye shi garin da ya je, da aikin da ya yi, da inda ya kwana, da nawa ya biya haya, da nawa aka karɓe masa a shingayen hanya, da nawa ya shigo da shi gida. A tambayi matan da aka bari yadda suka ci da gida wata shida. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Abin da kuka rubuta ku ba direban da kuka amince da shi ya kawo mana, za mu buga shi cikin wannan takarda yadda aka faɗe shi.