Mu Mayar da Labaran Soyayyarmu Ƙananan Garuruwa



Mu faɗa wa kanmu gaskiya. A labaran soyayyar da muke rubutawa yanzu, sau nawa muke samun jarumin da ba a Maitama ko Asokoro yake zaune ba? Yana da kamfani, yana da jerin motoci, ɗan ciwon kai sai Dubai. In kuwa aka ambaci ƙaramin gari, to wurin da za a ɗauko yarinya ne mai kaushi da faso, a kai ta birni a wanke ta, daga nan ba a sake jin sunan garinsu. A ganinmu asara muke tafkawa, domin labarin da ya ginu a kan amana da dangi da sake sabuwar rayuwa, a ƙaramin gari ya fi samun ƙarfi.

Marubutan Amurka sun daɗe da gane haka, har ya zama wani reshe mai zaman kansa a adabin soyayyarsu. A 2007 Robyn Carr ta fitar da Virgin River, labarin wata ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma da mijinta ya rasu, ta bar Los Angeles ta koma wani ɗan gari a arewacin Kalifoniya don ta sake shimfiɗa rayuwa. Littafin ya haifi jerin littattafai, a 2019 kuma Netflix ta mayar da shi fim mai dogon zango. Babu attajiri a tsakiyar labarin, ɗan asibiti ne da tsohon likita mai taurin kai da maƙwabta masu sa ido.

Me ya sa irin wannan wuri yake riƙe mai karatu? Saboda a ƙaramin gari ba a ɓuya. A birni jarumi zai iya yin ƙarya shekara guda, sai mun ƙirƙiro haɗarin mota ko wayar da aka manta a kan kujera kafin asirinsa ya tonu. A garin da masallacin Juma'a ɗaya ne, tasha ɗaya, mai shayin bakin kasuwa ya san wanda ya kwana a gida da wanda bai kwana ba, hali ne kawai jarin mutum. Mai neman aure ba zai burge kowa da baki ba, tunda an san yadda ya riƙe matarsa ta fari, an san ko yana biyan bashi. Nan amana takan zama abin da mai karatu zai gani da idonsa, ba sai mun ce masa "wane mutumin kirki ne" ba.

Sai dai kada mu kwafo nasu yadda yake. A can mace takan iso gari ita kaɗai da akwatinta, ta kama haya, babu mai tambayar asalinta. A wurinmu tambayar farko ita ce 'yar gidan wa ce. Don haka sabuwar rayuwa a labarinmu ta fi kama da komawa gida. Ku ɗauki bazawarar da ta dawo gidan mahaifinta da 'ya'ya biyu, ta tarar an ba matar ƙaninta ɗakin da ta tashi a ciki. Ko wadda ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, dangin mamacin na son ƙaninsa ya maye gurbi, ita kuma zuciyarta na wani wuri. Ko saurayin da ya karye a kasuwar Legas, ya dawo ya tarar da wadda ya yi wa alkawari ya saɓa. Kowannensu yana son ya buɗe sabon shafi a garin da ya haddace tsohon.

Ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne, ta bi Rabi bayan mijinta ya kore ta, tana sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta. A Kano labarin ya faru, amma darasin na nan: abin da ya tsaya wa masu karatu a rai shi ne yadda mace ta miƙe bayan ta faɗi, da rawar da dangi suka taka.

Wani zai ce masu karatu kuɗi da ƙawa suke so, su ɗan manta da wahalar da suke ciki. Ba mu musa ba. Amma akwai wani hutun da ya fi wannan, wato mutum ya ga irin rayuwarsa a rubuce, kuma ta ƙare da alheri. Haka kuma ba cewa muke a mayar da ƙaramin gari aljanna ba. Akwai gulma, akwai rigimar gado, akwai baffan da ya riƙe walicci ya hana ruwa gudu. Bakin da ke yi wa bazawara tsegumi da safe, shi ne zai kawo mata koko da dare in ɗanta ba lafiya. Wanda ya iya rubuta fuskokin nan biyu ya iya labari.

Shawararmu ita ce mu zaɓi garin da muka sani, mu san ranar kasuwarsa. Wudil ranar Juma'a take ci, Maigatari ranar Alhamis, kuma ranar kasuwa kaɗai ta isa ta haɗa mutum biyu da ke gudun juna. Mu ba gwaggo da kaka da mai unguwa bakin magana, kowa da abin da yake tsoron rasawa in auren ya yiwu. Mu bar jarumin ya sami yarda a hankali, ta hanyar abin da ya aikata a gaban mutane.

Aikin wannan mako: shafi ɗaya, ranar da jarumarku ta sauka a tashar garinsu bayan shekara bakwai. Wa ya fara ganin ta, me ya ce, me ya haɗiye?

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka.