Allurar insulin ba hukuncin kisa ba ce

A gidaje da yawa, ranar da likita ya ce mai ciwon suga ya fara allurar insulin, sai ka ga kamar an yi rasuwa. Daga nan sai a nufi mai lasifika a bakin kasuwa, wanda ke rantsuwa cewa tsiminsa na wanke cutar cikin mako biyu. Da jama'a sun san gaɓar da abin ya shafa, da ba su yi wannan kasada ba.

Sunanta fankiriyas, kuma ba ita ce saifa ba. Tana kwance a bayan tumbi, tsawonta bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, amma aiki biyu take yi. Kullum tana tsiyayo ruwa fiye da lita ɗaya zuwa ƙaramin hanji, mai ɗauke da sinadaran da ke narkar da tuwo, nama da mai. A cikin ruwan har da wani sinadari ɗan'uwan kanwa, wanda ke kashe tsamin da ya gangaro daga tumbi, kamar yadda uwargida ke kashe tsamin yakuwa.

Aiki na biyu yana hannun wasu ƙananan curin ƙwayoyi a cikin gaɓar, waɗanda Paul Langerhans ya gano a Jamus a 1869. Idan tuwon shinkafa ya narke ya koma suga a jini, su ke sakin insulin domin ya shigar da sugan cikin tsoka da hanta. Idan yunwa ta yi tsawo, kamar a azumi, sai su saki wani sinadari mai suna gulukagon, hanta ta fito da sugan da ta ajiye.

A nau'in ciwon suga na farko, wanda ya fi kama yara, waɗannan ƙwayoyi sun lalace. A na biyu, jiki ne ke daina jin maganar insulin, har gaɓar ta gaji. Ko a wanne, suga ne ke taruwa a jini, shi ke kawo ƙishirwa, yawan fitsari da rama.

Kafin Frederick Banting da Charles Best su tace insulin a Toronto ta Kanada a 1921, yaron da ya kamu da nau'in farko ba ya daɗewa. A Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurar, ya ƙara shekara 13 a duniya. Allurar tana mayar wa jiki abin da ya rasa ne kawai, kuma babu sassaƙen da ke yin wannan aiki.

Abin tsoron na gaskiya shi ne tsadar maganin da rashin wutar da za a adana shi cikin sanyi. Gwamnatocin jihohi su saka insulin da na'urar gwajin suga a asibitocin karkara da rangwame. Wanda kuma likita ya rubuta wa allura, ya karɓa tun ido da ƙoda da ƙafa ba su taɓu ba.