Wasiƙa ga masu rubuta manhaja: ku kula da agogon ƙasashen da ke sauya lokaci

Ƙannena da ke koyon kwamfuta a makarantar Informatics da Kwalejin Husaini Adamu a Kazaure, da ku da kuka gama kuka dawo Roni, Babura da nan Gwiwa kuna karɓar aiki ta intanet,

Akwai wani rami da nake tsoron ku faɗa, kuma abin da zai jefa ku cikinsa alheri ne da Allah Ya yi mana. Agogon Nijeriya ba ya motsi. Tun 1919 muna gaban agogon Greenwich da awa ɗaya, rani da damina, haka ma makwabtanmu na Nijar suke a yau. Tsawon yini a nan bai cika sauyawa ba, don haka babu abin da zai sa gwamnati ta taɓa mana agogo. Wanda ya tashi a haka, idan ya zauna rubuta kalanda ko manhajar ajiye alƙawari, sai ya ɗauka tazarar da ke tsakaninmu da kowace ƙasa ƙayyadaddiya ce har abada.

Ba haka ba ne. Ingila tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Sha biyun rana a Landan ƙarfe ɗaya ce a Gwiwa cikin Janairu, amma cikin Yuli sha biyun ce daidai. Wannan mai sauƙi ne, tunda ƙa'idar sananniya ce. Inda gizo ke saƙar shi ne ita kanta ƙa'idar gwamnatoci na sauya ta, wani lokaci dare ɗaya.

Ku dubi Masar, inda ɗalibanmu suke karatu a Azhar, marasa lafiyarmu kuma suke zuwa ganin likita. A Yulin 2016 ta soke sauyin agogo saura 'yan kwanaki a fara shi. A 2023 ta dawo da shi, daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa Alhamis ɗin ƙarshe ta Oktoba. To a ce cikin Fabrairun waccan shekara wani ya ajiye wa mahaifinsa alƙawarin ganin likita a Alƙahira, ƙarfe 10 na safe a watan Mayu. Manhajarka ta yi abin da aka koya maka a aji: ta mayar da shi lokacin duniya na UTC, ta rubuta ƙarfe 8, ta watsar da sauran. Da Masar ta tura agogo ranar 28 ga Afrilu, wannan 8 ɗin ta zama 11 a Alƙahira. Waya za ta tuna wa dattijo alƙawarinsa bayan an kira sunansa an wuce. Ya sayar da shanu ya hau jirgi, ƙila ya jira wasu kwanaki a masauki yana biyan kuɗi, duk saboda layi biyu da ba ka rubuta ba. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga abin da nake roƙonku. Abin da ya riga ya faru, kamar lokacin da kuɗi ya shiga asusu, ku ajiye shi da UTC, ba ya canzawa. Abin da ke gaba kuwa, ku ajiye shi yadda aka faɗe shi da baki: ƙarfe 10 na safe, ranar kaza, agogon Alƙahira. Ku rubuta sunan yankin, Africa/Cairo ko Africa/Lagos, kada ku rubuta "+2" ku tafi, don lamba ba ta san an yi sabuwar doka ba. Lissafin UTC ku riƙa sake shi duk sanda ƙa'ida ta sauya. Kuma kada wani ya zauna yana rubuta ranakun sauyi da hannunsa. Akwai rumbun bayanan yankunan lokaci na IANA, wanda Arthur David Olson ya fara, Paul Eggert yake kula da shi, ana sabunta shi sau da dama a shekara. Naku shi ne ku tabbatar sabon ya isa kwamfutar da ke ɗauke da manhajarku. Ku tuna kuma da yawan wayoyin da ke hannun mutanenmu tsofaffi ne, sun daina karɓar sabuntawa, don haka ku yi lissafin a wajenku, kada ku dogara da wayar.

Manya ma sun sha wannan. Amurka ta yi doka a 2005, ta matso da fara sauyinta daga Afrilu zuwa Lahadi ta biyu ta Maris, ta soma aiki a 2007. Duk da tsawon wannan sanarwa, sai da Microsoft ya fitar da wata manhaja ta musamman don gyara alƙawuran Outlook da suka goce da awa ɗaya. Lebanon kuwa, a Maris ɗin 2023, kwana kaɗan ta yi da agogo biyu a ƙasa ɗaya. Maroko tana mayar da nata baya duk azumi, kun ga ranar tana bin watan Musulunci.

Taron da ake maimaitawa shi ya fi buƙatar tunani. Darasin kowace Asabar tsakanin malami a Landan da ɗalibi a Roni, agogon wa zai bi? Dole ɗaya ya tsaya, ɗaya ya motsa. Ku tambayi mai ajiye alƙawarin tun farko, ku nuna masa lokutan biyu gefe da gefe, kuma mako guda kafin sauyi ku aika masa da saƙo. Taron Juma'a da ke bin agogon Landan, idan yana kamawa ƙarfe 12 a nan cikin Oktoba, zai koma ƙarfe ɗaya cikin Nuwamba, lokacin da mutuminku ke shirin masallaci. Bature ba zai hango wannan ba, ku ne za ku hango.

Kafin ku miƙa aiki, ku gwada shi da daren da Masar ke tura agogo. Daga 11:59 ake tsallakawa zuwa ƙarfe ɗaya, ranar ba ta da sha biyun dare. Ku sa alƙawari a 12:30 na wannan dare, ku ga abin da manhajarku za ta yi.

Naku,
wani yayanku a sana'a, daga Gwiwa.