Ɗalibin Talladje da fostarsa: aikin ɗakin karatun jami'a ne

Duk wanda ya leƙa taron masana kimiyya ya san ba kowa ake bai wa lasifika ba. Manyan malamai su ke hawa mumbari. Matashin da ke digiri na biyu ko na uku bango ake nuna masa, ya liƙa fostarsa, ya tsaya gefenta yana amsa tambayoyi. Girman da aka fi nema shi ne A0, wato milimita 841 da 1189, murabba'in mita guda ke nan, ninki 16 na takardar A4. A kan wannan takarda ake ganin aikinsa na shekara biyu, kuma daga nan wani ke samun gayyata ko tallafin ƙaro karatu.

To ina ɗalibin da ke zaune Talladje zai buga ta? Jami'ar Abdou Moumouni tana Harobanda, ƙetaren kogin Kwara, kuma kullum sai ya biya kuɗin mota ya haye gada kafin ya ga aji. Shagunan da ke da manyan injuna a Yamai sun fi sabawa da allunan talla, hotunan biki da na 'yan siyasa, a kan leda mai kauri. Sana'arsu ce, sun kuma iya ta. Amma fostar bincike wata aba ce daban: taswirar ƙasa, jadawali mai ƙananan lambobi, hoton ƙwayar cuta. Idan layi ya dushe ko launi ya sauya, sakamakon ne ya sauya. Mai shago ba zai gaya wa ɗalibi cewa ya tsara shafinsa a girman A4 ba, ko cewa hotonsa zai farfashe idan aka faɗaɗa shi. Zai buga, ya karɓi kuɗinsa.

Shi ya sa wurin wannan na'ura shi ne ɗakin karatun jami'a. Can ne kowace tsangaya ke haɗuwa, daga likitanci zuwa aikin gona, don haka inji ɗaya zai wadaci kowa, maimakon ya zauna a kulle a ofishin wani shugaban sashe. A jami'o'in Amurka da Turai da dama haka tsarin yake: ɗalibi ya aika fayil ɗinsa, ma'aikaci ya duba girma da kyawun hotuna, a caje shi gwargwadon tsawon takardar da ya ci.

Masu cewa ana fama da cunkoson aji da jinkirin kuɗin tallafin ɗalibai, wa ke ta fosta, suna da hujja. Sai dai tsadar ba a sayen injin take ba, a riƙe shi take. Irin waɗannan na'urori, kamar HP DesignJet, suna fesa tawada ne ta ƙananan kafofi, kuma idan suka yi makonni babu aiki tawadar ta bushe ta toshe su. Ƙurar hunturu ma ba ta raga musu. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, takardar ta tashi a banza, kuma mutanen Yamai ba su manta yadda aka sha duhu ba bayan Najeriya ta yanke lantarki a watan Agustan 2023. Tawada da naɗin takarda duk daga waje suke zuwa.

Nan ne maganar ta shafi 'yan Nijar mazauna ƙetare, waɗanda ke son turo injuna a ɗauki hoto ranar miƙawa. Kyautar inji ba tare da tawadar shekara guda, batirin riƙe wuta da ma'aikacin da aka horar ba, nauyi ce aka ɗora wa jami'a. Gara a haɗa kuɗi a sayi ƙarami mai faɗin inci 36, wanda ya isa A0, a liƙa farashi a ƙofa kowa ya gani, a ware abin da aka tara don tawada da gyara kawai. Ƙungiyar ɗalibai ta UENUN kuma ta nemi a riƙa nuna mata lissafin duk ƙarshen zango.