Gawayin tacewa daga ɓawon gyaɗa da totuwa

Sharhinmu na yau yana kan wani gawayi da ba a girki da shi. Shi ne gawayin tacewa, wanda masana'antu ke tsabtace ruwan sha da sukari da man girki da shi, likitoci kuma ke bai wa wanda ya sha guba. Ƙasashe irin su Siri Lanka da Indiya da Filifin sun daɗe suna sarrafa shi daga ɓawon kwakwa suna sayar wa duniya. Kamfanin Haycarb na Siri Lanka tun 1973 yake wannan sana'a. Mu kuwa ɓawon gyaɗa da totuwar masara da buntun shinkafa sai a tara su bayan injinan casa da ɓarza a cinna musu wuta.

Wani zai ce ai gawayi gawayi ne, ko a ƙauye ana yin sa. A nan kuskuren yake. Ƙona ɓawo a rufe ba tare da iska ba rabin aiki ne kawai. Sai an sake gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa sama, ko an jiƙa shi da sinadari kafin gashi, sannan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani suke buɗewa a jikinsa, har faɗin cikin giram ɗaya ya wuce murabba'in mita 500. A waɗannan ƙofofi wari da launi da dafi suke maƙalewa. Wannan mataki na biyu shi ne kuɗin, kuma ba aikin tsakar gida ba ne, domin sinadaran suna ƙona fata, sai an wanke su tas.

Akwai kuma masu cewa manomi na buƙatar ragowar amfaninsa don dabbobi da makamashi. Gaskiya ne, don haka a bar masa kara da harawa. Abin nema shi ne wanda ya riga ya taru a injinan casa da ɓarza, inda babu wahalar tattarawa. Buntu dai yashi ya yi masa yawa, totuwa da ɓawo sun fi shi.

Amma a sani, wannan gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tafasa ruwa na nan daram. Kiranmu ga jami'o'i da masu injinan shi ne su haɗa hannu su gina tanderun gwaji a bakin injin.