Kwikwiyon da bulala ba ta iya koya wa kome ba

Muna da ɗan kwikwiyo makaho a gida. Maƙwabta sun ce a yar da shi, wai ina amfanin karen da ba ya ganin ɓarawo? Ƴaƴana suka ƙiya.

Da farko tsawa nike yi mishi, sai ya ƙara ruɗewa, ya yi karo da randa. Daga baya muka sake dabara. Kwanon ruwansa ba ya barin wuri guda. Kafin a taɓa shi, sai an kira sunansa. Umarni kalma ɗaya ne, da murya ɗaya: “zo”, “tsaya”. In ya bi, nan take a ba shi ɗan ƙanzo. Yau da hanci da kunne yake zagaye gidan, kuma shi ke fara jin motsin baƙo.

Malamai da uwaye, ba ina haɗa yaro da kare ba ne. Amma in tsoro na hana dabba ganewa, ina ga ɗan lakwal? Yaron da muke kira daƙiƙi, wataƙila allon ne ba ya gani. Kafin ka ɗauki bulala, maido shi layin gaba, ka kuma sa a duba idonsa a likita.