Wasiƙa Daga Indabo: Diyyar Wanda Ya Ɗauki Cuta Garin Ceton Jama'a

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina so in yi magana a kan mutanen da su ke fara tarar majinyaci sa'ad da annoba ta sauka, watau malamin asibiti, da ungozoma, da dubagari, da direban motar asibiti, da lebura mai wanke ɗaki. In amai da gudawa ko sanƙarau ko mashaƙo ya shigo gari kamar namu, kowa ya kan ja 'ya'yansa ya rufe ƙofa, su kuwa a lokacin ne a ke kiransu. To, in ɗayansu ya ɗauki cutar ya kwanta, ko ya rasu ya bar marayu, wa zai biya?

Wannan ba zancen nesa ba ne. A 1970 wata likita, Jeanette Troup, ta rasu a Jos da zazzaɓin Lasa da ta ɗauka wajen aikinta. A 2014 Dakta Ameyo Adadevoh ta hana wani mai ciwon Ebola fita daga asibiti a Ikko, ta tsare ƙasa duka, ita kuwa ta rasu ran 19 ga Agusta. A Janairun 2020 kuma likitoci biyu na Asibitin Malam Aminu Kano su ka rasu da Lasa bayan an yi wa wata mai ciki aiki. Waɗannan an ji labarinsu domin a manyan birane su ke. Na ƙauye kuwa ya kan mutu shiru, a ce kwana ne ya ƙare, a yi sadakar uku a watse.

Alhali kuwa akwai doka. A watan Disamba na 1987 ba ta nan, amma tun 2010 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, ta danƙa aikin a hannun hukumar da a ke kira NSITF. Ga abin da ta ƙunsa a taƙaice. Mai ɗaukar ma'aikata, ko Gwamnati ce ko kamfani, shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya, ba a yankar ko kwabo daga na ma'aikaci. Ta haɗa da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo, ko da da baki aka ɗauke shi. Cutar da aka ɗauka saboda aiki tana cikin abin da a ke biya, kamar dai rauni. In ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, ana ba su kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

Amma fa akwai wa'adi, nan ne kuwa mutanenmu ke faɗuwa. Sai ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da shugabansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai wa hukuma labari cikin kwana 7, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wata wahala ita ce shaida. Wanda inji ya yanke wa hannu, kowa ya ga ranar da abin ya faru. Lasa kuwa ta kan yi har kwana 21 a jiki ba ta bayyana ba, sai a ce ai a gidansa ya ɗauka, ko a kasuwar Wudil ran Juma'a. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa malaman asibiti da akawuna, kowane asibitin karkara ya ajiye littafi, a rubuta sunan wanda ya taɓa mai ciwon, da rana, da sa'a, shugaba ya sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi kuwa, ina roƙo su duba ko an yi wa ma'aikatansu rajista, ko kuma ana zuba kason nan. Kuɗin haɗari da a ke haɗawa da albashi daban ne, ba ya tsaya wa diyya. Ga masu yin doka kuma, a ganina in annoba tana gari ma'aikacin lafiya ya kamu da ita, kamata ya yi a ɗauka a wurin aiki ya samo ta, wanda ya musa shi ya kawo hujja. Bai dace a bar wa gwauruwa mai takaba wannan nauyi ba.

In ma'aikaci ya ga an yi watsi da marayun abokinsa, ran da wata annoba ta zo da wace zuciya zai fito? Malamai, a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan. Allah ya kiyashe mu da annoba, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Wani Malami, Indabo, ƙasar Wudil.